Ɗakin da Muka Gyara wa Baƙo

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Ba ni ke rubuta wannan ba. Nas ce, maƙwabciyata da ɗakinta ke jikin nawa, ni ina faɗa tana sawa. Karatuna bai wuce in gane sunana a katin asibiti ba. Na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya, in na zagi mutum ta sa zagin.

Akwai ofishin da 'yan haya ke kai kukan masu gida. Matar da muka samu a can ce ta ce duk abin da aka yi mana a riƙa rubutawa, da rana da lokaci. To ga shi.

Ɗaki huɗu ne a layin baya. Ni, Nas, Tela da matarsa, sai bakaniken nan da ake ce wa Sifana. Mai gidan na asali ya rasu bara, ɗansa ya gada, muna kiransa Magajin. Na san shi tun yana yawo ba wando a tsakar gidan nan. So yake mu tashi ya rushe layin ya yi shaguna. Bai ba mu takarda ba, bai kuma buɗe baki ya ce mu tashi ba. Sai ya turo mutane suka ɓalle kwanon rufin ta baya, wai gyara za a yi, suka shimfiɗa tamfol suka danne da duwatsu suka tafi. Ba su dawo ba. Da ya ga muna nan, ya sa wa famfo kwado. Ɗakina ne na ƙarshe, shi ya fi shan ruwa.

Haya na biya har ƙarshen shekara. A ɗakin nan mijina ya rasu. Ba inda zan je.

Na share ɗaki.

Laraba, 6 ga wata, bayan azahar

An yi ruwa. Na jera robobi, na tara har da tukunyar miya. Silin ya yi ciki kamar mai wata bakwai.

Wakilin Magajin ya zo, wani dogo mai tauna tsinke. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Iya, barka da yau. Ya ruwa?"

Na ce, "Yana ciki, shigo ku gaisa."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, shekarunki ai sun wuce zaman haya. Ba ki da ɗa ne?"

Na ce, "Ina da shi. Kai kana da uwa?"

Ya tofar da tsinken ya tafi.

Ɗana yana da gida, har da bene. Na zauna a can bayan rasuwar ubansa, na dawo da ƙafata. Abin da ya faru a can ya faru. Nas, daina kallona, rubuta kawai.

Na kwashe ruwan, na goge bango, na share ɗaki.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Ruwa kuma. Na goge, na share.

Litinin, 11 ga wata, da safe

Matar ofis ta kira wayar Nas. Ta ce doka ba ta ba mai gida ikon cire rufi ko yanke ruwa don ya kori mutum ba. In gidansa yake so, takarda zai bayar da wa'adi, kamar mutum. Ta ce ranar Alhamis za su turo mai duba gida ya gani da idonsa, abin da ya rubuta shi za a yi aiki da shi.

Nas tana sauri. An rasa ma'aikata a asibitinsu, a can za ta riƙa kwana sai Juma'a. Ta ce in riƙe komai a kaina. Na ce kaina ba silin ba ne, ba ya yoyo.

Juma'a, 15 ga wata, bayan la'asar

Nas ta dawo. Ta shigo ɗakina ta tsaya ta ce, "Iya, ina nake?" Bari in faɗa daga farko.

Ni abin da na sani da mai duba gida shi ne duba-gari na zamaninmu. Ya shigo da farin takalmi, ya leƙa randa, ya ɗaga tabarma, in ya ga ƙazanta ya ci tara. Uwata an taɓa yi mata, a gaban mutanen layi aka kira sunanta. Har ta mutu ba ta manta ba.

Ranar Talata na zauna na kalli ɗakina. Bango ya yi baƙi da fumfuna tun daga sama, silin ya rufta ta kusurwa, ga wari. Na kira Tela da Sifana na ce, "Mutumin gwamnati zai shigo ya tarar muna kwana kamar awaki?"

Tela ya ce shi ma abin da ya hana shi sukuni ke nan. Ya ce, "In ya ga haka cewa zai yi wurin bai dace da zaman mutum ba, a tashe su. Mun yi wa Magajin aikinsa ke nan."

Sifana ya ce, "Iya, ki bar mini sama, ku ji da ƙasa."

Ya aro tsofaffin kwano a garejinsu, wajen ogansa, ya hau ya buga su a inda aka ɓalle. Tela ya haɗa farin yadi a keke ya ɗame shi a ƙarƙashin silin da ƙananan ƙusoshi, sai ka rantse sabon sili ne. Ni da matar Tela muka kankare bango da omo da buroshi har fatar hannuna ta saluɓe. Sifana ya kawo ragowar fenti muka shafe. Robobin duk na tura ƙarƙashin gado. Da safiyar Alhamis ya sa waya ya buɗe kwadon famfo, don in baƙo ya nemi wanke hannu kada mu ji kunya.

Mutumin ya zo da hantsi, rana tas, ko gajimare babu. Mai tabarau ne, mai ladabi, har ya cire takalmi. Na ba shi kujera, na dafa masa shayi da madara. Ya sha ya ce, "Iya, ɗakinki ya fi nawa tsabta." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina.

Na ba shi labarin ruwa. Ya ɗaga kai ya kalli farin yadin ya ce, "Ta ina yake zuba?"

Na ce, "Ai mun ɗan gyara."

Ya zagaya baya ya ga rufi a rufe. Ya murɗa famfo, ruwa ya zo. Ya yi rubutu a takardarsa, ya yi godiyar shayi, ya tafi. Sifana ya mai da kwadon. Muka yi ta yi wa juna barka.

Nas, sa wannan ma: kin ajiye biro kin riƙe kai. Kin ce, "Iya, kun kashe mu." Sa shi yadda kika faɗa.

Asabar, 16 ga wata, da safe

Ba ni da abin faɗa yau. Ɗakin ya yi kyau dai.

Litinin, 18 ga wata, da azahar

Magajin da kansa ya zo, da wakilin a bayansa riƙe da takardu. Bai shigo ba, daga tsakar gida ya yi sallama. Ya ba kowa takarda. Nas ta karanta mana. Wai mun taɓa masa gini ba da izininsa ba, mun buɗe kwadonsa, don haka mu fita ƙarshen wata. Wai mai duba gida ma ya shaida gidan ba shi da matsala, sharri muka kai.

Ya ce, "Iya, ke kamar uwa kike a wajena."

Na ce, "Uwarka da roba take kwana a ƙafarta?"

Ya ce, "Ba ki san abin da ke kaina ba. Baba ya mutu ya bar mini gida ɗaya da 'yan'uwa cike da mota, kowa hannunsa a miƙe. Hayar layin nan ko fentin gaba ba ta yi."

Na ce, "Ban ce ba gidanka ba ne. Ubanka da yana son ɗakinsa zuwa zai yi ya zauna a kujerar nan ya faɗa mini. Kai rufi ka cire."

Ya ce da wakilin su tafi. Ya rame, gaskiya. Wannan ma ki sa.

Sifana ya zauna a kan dakali bai je aiki ba. Ya ce shi ne ya buɗe kwadon, shi zai ɗauka. Na ce ya rufe mini baki, ni na kira su.

Talata, 19 ga wata, da yamma

Mun je ofis ni da Nas. Na hau matakalar nan sai da na huta sau biyu, matakalar ce mai tsayi.

Na faɗa wa matar komai. Ta fara dariya, da ta kalli hannuna sai ta daina. Ta ce, "Iya, kun kawo mara lafiya wajen likita kun shafa masa hoda."

Ta ce takardar Magajin ba ta cika ba, ba haka ake ba da wa'adi ba, wannan kada ta tsorata mu. Abin da ya yi mana illa shi ne rubutun mai duba gida. Muddin yana nan, a wajen hukuma mu ne maƙaryata, kuma in Magajin ya sake takarda mai kyau ba mu da abin riƙewa. Ta ce za ta roƙa a sake turo mai duba gidan, sau ɗaya tak ake yi, kuma ba za a faɗi ranar ba.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki goge. Kada ki rufe. Kada ki ɓoye ko roba ɗaya. Kuma kada ki bar ɗakin ba kowa. In Magajin ya tarar da shi a rufe ba mutum, zai maƙala nasa kwadon ya ce kin tashi da kanki, fitar da shi sai an sha wuya."

Na ce, "'Yar nan, ki ce in zauna cikin ƙazanta in jira baƙo?"

Ta ce, "Haka na ce, Iya."

Laraba, 20 ga wata, da hantsi

Ogan Sifana ya aiko a mai da masa kwanonsa. Sifana ya hau ya ɓalle. Tamfol ɗin da ya buga ƙusa ta cikinsa yanzu duk huji ne. Tela ya cire yadinsa, ya ce ko labule ba zai yi ba.

Hadari ya haɗo.

Alhamis, 21 ga wata, bayan la'asar

An yi ruwa. Na zubar da na robobi don kada su cika. Ban goge ba.

Juma'a, 22 ga wata, da safe

Fentin ya fara kumbura yana ɓarewa. Baƙin nan ya leƙo ta ƙarƙashi. Ina zaune ina kallonsa, hannuna yana ƙaiƙayi. Na tashi neman buroshi ban gan shi ba. Nas ce ta ɓoye, har da tsintsiya. Kin ɓoye, kada ki yi mini musu, na ji su suna faɗuwa a bayan durowarki.

Tana ta cewa in bari ta sa abin nan na kunne ta ji ƙirjina. Tari ne, kowa yana yi da damina.

Ban goge ba.

Asabar, 23 ga wata, da azahar

Ɗana ya kira. Na ce lafiya lau.

Lahadi, 24 ga wata, da yamma

Wata ƙawata ta zo gaishe ni, tun muna amare muke tare. Daga nesa ta zo, da ƙafarta mai ciwo. Na tare ta a bakin ƙofa na ja labule. Na ce mu zauna a waje, iska ta fi. Ta ce, "Ke, yaushe kika fara tarar baƙi a tsakar gida kamar mai ɓoyon miji?" Na ce tsufa ne. Ta shaƙi iska ta kalli labulen. Ba ta daɗe ba ta tafi.

Tun da aka kawo ni ɗakin nan ba wanda ya taɓa zuwa ya koma bai zauna a ciki ba.

Nas ta ce in koma ɗakinta ko na kwana biyu, nata bai kai nawa zuba ba. Na ce dogon nan mai tsinke safe da yamma yake wucewa yana leƙen ƙofata. Da kwado a aljihunsa, ina ganin tudunsa.

Ban goge ba. Ban share ba.

Litinin, 25 ga wata, da safe

Mai duba gida bai zo ba.

Talata, 26 ga wata, bayan la'asar

Ya zo. Ana tsaka da ruwa, da lema, shi ɗin dai mai tabarau. Zai cire takalmi na ce ya bar su.

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana neman inda zai sa ƙafa. Ya ce, "Iya, ɗakin nan ne kuwa?"

Na ce, "Shi ne. Wancan da ka gani na baƙi ne."

Ya zauna a bakin gado, ya miƙe zumbur, wandonsa ya jiƙe sharkaf. Sifana daga ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan gadon sai da kwalekwale." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Mutumin ya ce, "Me ya sa kuka yi haka ranar nan? Kun san abin da kuka sa na rubuta?"

Na ce, "Ka taɓa zuwa wajen uwarka da baƙo ka tarar ba ta share ba?"

Ya cire tabarau ya goge a riga. Ya ce ya kamata a ce ya ɗaga yadin nan. Na ce Tela ya iya aikinsa.

Ya ciro waya ya fara ɗaukar hoto. Bango, sili, robobi, tukunyar miya. Da ya zo kan katifa na juya fuskata. Ya ɗaga ta, ruwa ya tsiyaya, ƙarƙashinta ya yi kore. Katifar mijina ce. Ina jin wayar tana ƙyas ƙyas.

Ya ce, "To a ina kike kwana?"

Na nuna masa kujera.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce ban ƙirga ba. Nas tana tsaye a bayansa, ba ta sani ba sai yau, don kullum kafin ta leƙo na gyara shimfiɗa. Yanzu ma rubutu kawai take yi tana danna biro kamar za ta huda takardar.

Ya fita cikin ruwan ya zagaya baya, ya ɗauki hoton tamfol, ya ɗauki na famfo da kwadonsa. Wakilin ya zo yana ta bayani, ya ce masa ya riƙe lemar tukuna.

Ban ba shi ko ruwa ba. Risho ya jiƙe.

Laraba, 27 ga wata, da safe

Nas ta dawo mini da tsintsiya. Na ce ta ajiye a nan, anjima.

Juma'a, 29 ga wata, da azahar

Matar ofis ta kira. An soke rubutun farko. An ba Magajin umarni a rubuce ya mai da rufi, ya buɗe famfo, kuma ba ya da ikon fitar da kowa sai ya bi hanya, da takarda da cikakken wa'adi. Ta ce zai iya bin hanyar, wannan ba za ta hana shi ba. Na ce ya bi, in dai da rufi a kaina zan jira shi.

Dogon ya zo ya cire kwadon, bai gaishe da kowa ba. Matar Tela ta tara bokiti tana guɗa. Rufi dai ba a zo ba tukuna.

Na bari Nas ta ji ƙirjin. Ta ga tsumman da nake tari a ciki ina ɓoyewa a hannun kujera. Abin da ta gani ba sai an rubuta ba.

Asabar, 30 ga wata, da hantsi

Nas ta ce asibiti yau, ba gobe ba, kuma kwantar da ni za a yi. Ta kira mota. Kafin ta zo ga abin da nake so a sani, a karanta wa kowa.

Ban tashi ba. Kayana suna ciki, hayata a biye take. Kada ɗakin ya kwana ba mutum ko sau ɗaya har a buga rufi. Sifana ya ce zai fara, Tela ya karɓe shi, a yi ta juyawa. Ranar da Tela yake da ɗinkin gaggawa Sifana ya riƙe masa, amma Tela ya biya kwanan, kada ya ce ya manta, na san halinsa. Mai kwana ya ja kujera zuwa bayan ƙofa, can ne ba ya ɗiga.

Tela yana bina farin yadi, ni na sa shi ya yanka. Akwai sabon zane a ƙasan akwatina, a ba matarsa. Sifana ogansa ya yanke masa kuɗin aikin kwana biyu saboda mu, rediyon mijina nasa ne, ya daina yi mini kallonsa. Ƙawata da na tsayar a waje tana bina zama, a aika mata ta zo in an gyara. Mai tabarau yana bina shayi. Nas, ke ban san abin da zan ce ba, bar wurin haka.

Magajin ba ya bina komai. Mu muke binsa rufi. In ya zo da kafinta a ba su ruwa su sha, a riƙe musu tsani. In ya zo da kwado a kira matar ofis, sannan a zo a faɗa mini, ko ina barci a tashe ni.

Ɗana kuma, in ya kira, ki faɗa masa gaskiya, na gaji. Amma ki gaya masa daga asibiti nan zan dawo.

Kada wanda ya kai Magajin dubiya wajena. In yana son ganina, ya san ɗakina.